Ƙurar Asbestos da Ciwon Dajin Huhu: Yadda A Ke Lissafin Rabonta

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasar Wudil da kewayenta, saboda su ne a kan fara kai wa magana in iska ta kwashe rufin makaranta, ko za a rushe tsohon ginin hukuma, ko an yi rasuwa ana bukatar a rubuta. Maganar da ke ciki ta ƙurar asbestos ce, da yadda masana su ke gane ko mutum nawa ta kashe daga cikin waɗanda ciwon dajin huhu ya yi ajalinsu. Lissafin yana da ɗan wuya da farko, amma duk malamin da ya iya ƙidayar jama'a da dabbobi ba zai gagare shi ba.

Asbestos wani irin dutse ne da a ke haƙowa daga ƙasa. In an farfasa shi sai ya warware sili-sili kamar audugar rimi. Wuta ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ma ba ta taɓa shi, ga shi kuma da araha. Saboda haka aka riƙa cuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa, ana kuma sa shi cikin birkin mota da kuloci. Iri uku ne aka fi ciniki da su: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. A da an haƙa shi da yawa a Kanada da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Yanzu Rasha ce kan gaba, sa'an nan Kazakistan da Sin da Barazil.

A Nijeriya an kafa masana'antar Nigerite a Ikeja ta Ikko cikin 1959, aka kafa wata a Emene kusa da Inugu a farkon shekarun 1960, daga baya aka sami Giwarite a Kano da wata a Bauci. Duk sun yi shekaru suna buga kwano da silin na siminti gauraye da asbestos, kayan kuma suka bazu ko ina cikin Arewa. Don haka ko wane gini na makaranta ko asibiti ko gidan ma'aikata da aka yi daga 1960 zuwa wajen 2000, in an ga rufinsa ko silinsa na siminti ne mai launin toka, to, ya kamata a ɗauka da asbestos a ciki, sai fa in an gwada an ga babu.

Yadda ƙurar ke yin ɓarna

Muddin kwanon yana nan lafiya a bisa rufi, silin asbestos ɗin yana ɗaure cikin siminti, haɗarinsa kaɗan ne. Ɓarna tana farawa ne sa'ad da aka sa masa zarto, ko aka huda shi, ko ya faɗo ya farfashe aka share da tsintsiya. A nan ne sili ke tashi cikin iska, sirara ƙwarai har ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wanda ya shaƙe su ba ya jin kome a ranar. Su kan wuce can cikin huhu su maƙale, jiki ya kasa narkar da su, ya kasa fid da su duka. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara goma a ƙalla, galibi ma sai ashirin zuwa arba'in. Saurayin da ya yanka silin yana ɗan shekara ashirin da biyar, sai ya yi furfura kafin tarin ya same shi, a lokacin kuwa ba wanda zai tuna da aikin da ya yi a ƙuruciya.

Cuta uku ne manya. Ta ɗaya taurin huhu, wanda ke sa numfashi ya riƙa gajarta. Ta biyu ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Shi wannan kusan ko yaushe asbestos ne sanadinsa, don haka ƙidaya shi ba ta da gardama. Ta uku ciwon dajin huhun kansa, shi ne kuwa mai wuyar sha'ani. Dalili shi ne, ciwon da asbestos ya jawo da wanda taba sigari ta jawo kamarsu ɗaya. Ko an yanko tsokar an duba da madubi, ba wata alama a jikinta da za ta nuna wane ne ya haife ta. Likita yana iya cewa ga ciwon da ya kashe wane, amma ba ya iya rantsewa a kan abin da ya kawo shi. Shi ya sa aka koma ga lissafin jama'a, aka bar duban mutum ɗaya.

Asalin lissafin

A ɗauki misali da shanu, tun da yake Wudil garin kara ne. Makiyayi yana da garke biyu daidai wa daida. Ɗaya yana shan ruwa a kogi, ɗaya a wani tafki da a ke zargi. Da shekara ta kewayo, na kogi ya rasa saniya biyu, na tafki ya rasa bakwai. Makiyayin ba zai iya nuna gawa ya ce wannan tafki ne ya kashe ta, waccan kuwa kwananta ne ya ƙare ba. Amma ya san da ba don tafkin ba, biyu zai rasa. Biyar ɗin da suka ƙaru, su ne rabon tafki. Abin da masana ke yi da mutane ke nan: su ƙidaya mutuwar da aka samu, su cire wadda a ke sa ran samu ko da babu ƙura, abin da ya rage shi ne rarar da a ke ɗora wa asbestos.

Wanda ya fara tabbatar da wannan a kan asbestos shi ne Richard Doll, wani likita na Ingila, cikin 1955. Ya bi labarin maza 113 waɗanda suka yi shekara ashirin ko fiye suna aiki a masaƙar asbestos ta garin Rochdale. Bisa ga yadda ciwon ke kashe sauran mazan ƙasar masu irin shekarunsu, ba a sa ran ko mutum ɗaya cikakke zai mutu da shi a cikinsu ba, don lissafi ya ba da 0.8. Sai ga mutum 11. Watau wajen goma rara ne. Masaƙar nan ta kamfanin Turner ce, wanda daga baya ya kafa masana'antar Emene. A cikinta ne kuma wata mata mai suna Nellie Kershaw ta yi aiki, wadda ta rasu cikin 1924 tana da shekara 33, mutuwarta kuwa ita ce ta farko da aka rubuta bayaninta sosai cikin littattafan likitanci a kan taurin huhu na asbestos.

Amma lissafin masana'anta ɗaya bai ba da amsar ƙasa duka ba. Domin a san rabon asbestos cikin jama'a gaba ɗaya, sai an haɗa abu biyu: yawan waɗanda suka shaƙi ƙurar, da kuma ninki nawa ta ƙara musu haɗari. Wani Ba'amurke, Morton Levin, shi ya tsara hanyar cikin 1953, a kan maganar taba.

Ga misali, da lambobin da aka zaɓa don sauƙin bayani kawai. A ce gunduma tana da maza dattawa 10,000. Daga ciki 1,000 sun yi aikin ƙurar asbestos, 9,000 ba su yi ba. A ce cikin waɗanda ba su yi ba, ɗaya bisa ɗari ke kamuwa, watau mutum 90. A ce kuma ƙurar ta ninka haɗari sau biyu, saboda haka cikin dubun nan mutum 20 suka kamu maimakon 10. Jimla 110. Da babu asbestos sam, da 100 za a samu. Rara 10 ke nan cikin 110, watau kashi 9 cikin 100.

To, a nan akwai abin lura. Cikin mutum ashirin ɗin nan da suka yi aikin ƙura suka kamu, rabi ne kaɗai rabon asbestos, sauran goman ko da ba su taɓa kwano ba za su kamu. Wanda ya tattara dukan ashirin ya ɗora wa asbestos ya ninka gaskiya sau biyu. Haka kuma in aka sāke lambobin kaɗan, amsa ta kan yi tsalle. In mutum 200 ne kaɗai suka yi aikin, ba dubu ba, rabon ya sauko zuwa kashi 2. In kuwa 200 ɗin nan ƙura mai kauri suka sha har haɗarinsu ya ninka sau biyar, ya hau ya wuce kashi 7. Saboda haka lamba ba ta da amfani sai an san irin mutanen da aka ƙidaya da irin aikin da suka yi.

Taba da asbestos in sun haɗu

Wurin da lissafin ya fi rikita mutane shi ne inda taba ta shigo. Cikin 1979 Irving Selikoff na birnin Niyok da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin ma'aikata 17,800 na Amurka da Kanada, masu aikin naɗe bututu da tukwanen injin da asbestos. Suka auna mutuwa da ciwon dajin huhu cikin ko wane mutum 100,000 a shekara. Wanda ba ya shan taba, bai kuma yi aikin asbestos ba, 11. Wanda ya yi aikin asbestos amma ba ya shan taba, 58. Mai shan taba wanda bai yi aikin ba, 123. Wanda ya haɗa biyun, 602.

In da tarawa a ke yi, da na ƙarshen nan bai wuce 170 ba. Ashe ninkawa su ke yi: asbestos sau biyar, taba sau goma sha ɗaya, haɗuwarsu fiye da sau hamsin. Yanzu a tambaya, cikin 602 ɗin nan nawa ne rabon asbestos? In an ɗauke asbestos saura 123, watau an tsirar da 479, wajen kashi 80 cikin 100. Nawa ne rabon taba? In an ɗauke taba saura 58, an tsirar da 544, wajen kashi 90. Tamanin da casa'in sun ba da 170 cikin 100, abin da magatakarda zai ce lalle an yi kuskure a wani wuri. Ba a yi ba. Gobarar da ta tashi don an yar da garwashi cikin busasshiyar ciyawa, in an ce da ba garwashi da ba ta tashi ba, gaskiya ne. In an ce da an nome ciyawar da ba ta tashi ba, shi ma gaskiya ne. Mutuwa ɗaya tana iya shiga rabon abu biyu. Don haka masu cewa ai taba ce ke kawo mafi yawan ciwon, saboda haka asbestos ba shi da laifi sai ɗan abin da ya rage, ba su fahimci lissafin ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ninkin bai kai haka a ko wane wuri ba, amma ya tabbatar haɗuwar biyun ta fi tarawa muni. Kafinta ko makaniken da ya taɓa aikin ƙurar nan, ba abin da zai fi rage masa haɗari kamar barin taba.

Hanya ta biyu, da abin da ta ba da

Akwai wata dabara kuma. Tun da yake mesoteliyoma kusan duk na asbestos ne, sai a mai da shi ma'auni. Wannan alaƙa ta fito fili cikin 1960, sa'ad da J. C. Wagner da abokansa suka ba da labarin mutum 33 masu ciwon a Afirka ta Kudu, 32 daga cikinsu sun yi aiki ko sun zauna kusa da mahaƙar shuɗin asbestos. Waɗansu ma wasa kawai suka yi a kan juji suna yara. In an san mutum nawa mesoteliyoma ya kashe, aka kuma san ciwon dajin huhu nawa ke tafiya tare da ko wane ɗaya, sai a ninka.

Da wannan hanya masu binciken hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya suka ƙiyasta, cikin 2006, cewa daga 1980 zuwa 2000 asbestos ne sanadin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na mutuwar maza da ciwon dajin huhu a ƙasarsu. Wani bincike da ya biyo baya a ƙasar ya sami wajen kashi 6. Ƙasa ɗaya ce, mai rubuta ko wace mutuwa da sanadinta, amma amsa biyu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ma'aunin ba ya tsayawa wuri guda. Cikin 2012 aka tattara bincike 55 na ma'aikata daga ƙasashe dabam dabam, aka ga inda shuɗi a ke aiki da shi, ciwon dajin huhu bai kai ɗaya ba ga ko wane mesoteliyoma ɗaya. Inda ruwan ƙasa ne, huɗu. Inda fari ne, wajen shida. Farin kuwa shi ne aka fi sa wa kwanon rufi da birki a duniya duka. Saboda haka ƙarancin mesoteliyoma a wuri ba shaida ba ce cewa asbestos bai yi ɓarna a nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa shaƙar asbestos a wurin aiki yana kashe fiye da mutum 200,000 ko wace shekara, mafi yawansu kuwa da ciwon dajin huhu ne. Birtaniya ta hana shuɗi da ruwan ƙasa cikin 1985, ta hana fari cikin 1999, ƙasashe fiye da 60 kuma sun hana shi baki ɗaya.

Abin da ya shafi Wudil

Ba daidai ba ne a ɗauko lambar Ingila a ɗora wa Wudil. Can an yi tashoshin ƙera jiragen ruwa da masaƙu inda mutane suka yi shekaru cikin ƙura kamar hazo, maza da yawa kuma suka sha taba. Nan kuwa yawancin jama'a manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne kafintoci masu yanka silin, da birkiloli da leburorin rushe gini, da masu gyaran bututun ruwa, da makanikai na bakin hanyar Maiduguri waɗanda ke hure ƙurar birkin manyan motoci, da duk wanda ya taɓa aiki a masana'antar kwano a Kano ko Bauci ya komo gida. Sai kuma matan da suka riƙa kakkaɓe tufafin aikin mazansu kafin wanki.

Lissafin ba ya tsayuwa sai da ƙafa uku: a san wanda ya mutu, a san abin da ya kashe shi, a san aikin da ya yi a rayuwarsa. Ta farko dokar 1992 ta wajabta ta, wadda ta sa rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma rasuwa da yawa a ƙauyuka a kan yi jana'iza a watse ba a rubuta ba. Ta biyu aikin likita ne, tana kuwa da tarko. Ciwon dajin huhu yana kama da tarin fuka ƙwarai: tari mai daɗewa, da rama, da jini cikin kaki. Mutum ya kan yi wata da watanni yana shan maganin tarin fuka alhali ba shi ke damunsa ba. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu a tura shi asibiti a gwada kakinsa, gwajin da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In gwaji bai nuna kome ba, ko an sha magani ba sauƙi, a nemi a tura shi Kano, inda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a ke ɗaukar hoton ƙirji a kuma duba tsoka.

Ƙafa ta uku kuwa ita ce ke hannun magatakarda, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Dattijo ya rasu, a rubuta manomi, don noma aka san shi da shi a ƙarshen kwanansa, alhali ya yi shekara goma sha biyar yana kafinta a birni. Da wannan kalma guda an fid da shi daga cikin dubu an mai da shi cikin dubu tara, lissafi ya karkace. Ya kamata a tambayi iyali ko wace sana'a mamacin ya taɓa yi, da wurin, da shekarun da ya fara ya bari, da ko ya sha taba. Amfanin wannan bai tsaya ga ƙidaya ba. Masana da suka taru a Helsinki cikin 1997 sun amince cewa a ɗora wa asbestos ciwon dajin huhun mutum in ya shaƙi ƙura gwargwadon da ke ninka haɗari sau biyu, kuma shekara goma ta wuce tun farkon shaƙar. Gwargwadon nan shi ne kamar sili ɗaya cikin ko wace mililita ta iska har shekara 25, ko sili biyar har shekara biyar. Ba a iya kimanta wannan sai da labarin aiki, dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 kuwa ba ta amfanar iyalin da ba su da shaidar inda maigidansu ya yi aiki.

Game da gine-ginen da ke tsaye, kada tsoro ya sa a hau cire rufin da ke lafiya, don cirewar ta fi barinsa tā da ƙura. Amma in iskar farkon damina ta ya da kwano, hakimi ya sa dagaci ko mai unguwa ya hana yara zuwa wurin, ya kuma aika wa duba-gari. A jiƙa gutsattsarin da ruwa kafin a taɓa, a ɗauke su ɗungum ba tare da an ƙara farfasawa ba, a ƙunshe cikin leda mai kauri, a binne inda duba-gari ya nuna. Kada a share wurin a bushe, kada a bari a kwashi gutsattsarin a yi shinge ko akurkin kaji ko a cike rami a hanya. Rawani ko ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare sili, sai abin rufe hanci na musamman. Ma'aikata su tuɓe kayan aiki a wurin, a wanke su dabam. Magatakarda kuma ya rubuta sunan ginin, da ranar da aka yi aikin, da sunayen waɗanda suka yi shi, ya ajiye takardar a ofishin hakimi, domin mai yiwuwa ne sai bayan shekara talatin za a neme ta.